Filin Lafiyar Iyali: Karan Ɗorin Yatsa, Wace Gaɓa Ake Ɗaurewa, Wace Ake Bari?

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan yatsu, kuma ma'aikatan sashen ƙashi da na gashi, wato masu gasa ƙashi da motsa gaɓɓai, da ke taimaka wa filin a nan Katsina ne suka amsa. Kowane yatsa gaɓa uku gare shi: gaɓar gindi inda ya haɗu da tafi, gaɓar tsakiya, sai gaɓar farce. Babban yatsa ne kaɗai mai biyu. In mun ce kara kuwa, muna nufin duk abin da ake tokare yatsa da shi, na alminiyam mai soso ne, ko na roba, ko mai siffar zobe. A asibiti za ku ji ana ce masa sifilin.

TAMBAYA: Ina cusa zanin gado ƙarƙashin katifa sai kan dogon yatsana ya lanƙwashe. In na miƙe shi da ɗaya hannun yana miƙewa, da na saki sai ya faɗo. Yau kwana 9, kuma babu wani zafi sosai. An ce in je a ja mini shi. Daga wata malamar makaranta, Rafin Daɗi, Katsina.

AMSA: Malama, kada ki bari a ja shi, don babu abin da ya goce. A bayan kowane yatsa akwai jijiyar da ke miƙe shi, irin farar igiyar nan da kike gani a ƙafar kaza in kina gyaran nama. Ƙarshenta yana manne da ƙashin da ke ƙarƙashin farce, kuma siririya ce ƙwarai a wurin. Ita ce ta tsinke, ko ta ɓalle da ɗan guntun ƙashi. Jijiyar da ke lanƙwasa yatsan ta cikin tafi tana nan lafiya lau, ta rasa abokiyar ja, shi ya sa kan ya rusuna.

Ki fara da hoton ƙashi. In guntun da ya ɓalle ya wuce kashi ɗaya cikin uku na fuskar gaɓar, ko gaɓar ta zame, maganar ta koma hannun likitan ƙashi, wataƙila har da tiyata. In ba haka ba, kara ne maganinki, kuma kwana 9 ba a makara ba. Ko bayan makonni da yawa ana sa shi ya yi aiki.

Gaɓar farce kaɗai ake ɗaurewa, a miƙe sambal, dare da rana, mako 6 zuwa 8. Gaɓar tsakiya a bar ta tana motsi. Ana samun karan roba mai kama da hula da ake zura kan yatsa a ciki, lamba lamba ne, sai an gwada wanda ya zauna daidai. In ba a samu ba, a yanki alminiyam mai soso, faɗin yatsan, tsawon kamar santimita 4 zuwa 5, daga bakin farce zuwa dab da gaɓar tsakiya ba tare da ya hau ta ba. A goge kaifin bakinsa. Filasta biyu: ɗaya a kan ƙashin tsakiya, ɗaya a kan na farce. Kada a banƙare kan yatsan baya da yawa. In fatar bayan gaɓar ta yi fari, an wuce gona da iri, jini ba ya isa wurin, gyambo ne zai biyo baya.

Inda mafi yawan mutane ke faɗuwa shi ne wajen cirewa. Bakin jijiyar biyu suna haɗuwa ne da ɗanyen nama mai kama da yanar gizo-gizo. In kan yatsan ya faɗo sau ɗaya, ko na daƙiƙa guda ne, yanar ta yage, lissafi ya koma kwana na farko. Wata za ta yi mako 5 cur, ta cire don ta gani ko ya warke, ta lanƙwasa, shi ke nan an koma gidan jiya. Saboda haka in za ki wanke fatar, sau ɗaya a rana ya isa, kuma ga yadda ake yi: ki kifa yatsan a kan teburi, ki danne farcen, wani ya kwance filastar ya zare karan a hankali yayin da kan yatsan ke manne da teburin. A goge da tsumma mai ɗan sabulu, a busar sarai, a mai da karan, sannan ki ɗaga hannu. A lokacin bazara gumi na jiƙa fatar ta yi fari ta yi laushi kamar ta mai wanki, don haka ki sa ɗan ƙyallen auduga tsakanin fata da kara, kina sauya shi kullum.

Mun san abin da za ki tambaya na gaba: alwala. Sau biyar a rana ana cirewa ana mayarwa, da wuya jijiyar ta haɗu. Malaman fiƙihu sun yi bayanin shafa a kan ɗori ga wanda cirewa za ta cutar da shi, ki tuntuɓi malaminki a kan yadda ake yi. Ta ɓangarenmu, kada ruwa ya kwanta a ƙarƙashin karan. Wanke-wanke da wanki kuwa, ko a sa safar roba, ko a bar wa yara.

Bayan mako 8, in kan ya tsaya da kansa, ki ci gaba da sa karan da dare da lokacin aikin ƙarfi na mako 2 zuwa 4. Kada ki matsa shi da ɗaya hannun don ya lanƙwashe da wuri, zai saki da kansa. Sau da yawa akan bar ɗan rusunawa kaɗan da ɗan tudu a bayan gaɓar, ba ya hana riƙe alli. Wanda aka bari ba magani ne ke jawo gaɓar tsakiya ta banƙare baya daga bisani.

TAMBAYA: Ni tela ne, ina da ciwon suga. Da asuba yatsan zobena yakan maƙale a dunƙule, sai na ja shi ya buɗe da ƙara, ƙas. Akwai wani ɗan ƙullutu mai zafi a tafina. Kara zai yi mini? Daga Daura.

AMSA: Malam, zai iya yi, amma ba irin na malamar da ke sama ba. Jijiyar da ke lanƙwasa yatsa tana bi ta cikin wasu 'yan madaukai da ke riƙe ta jikin ƙashi, kamar yadda zare ke bin madaukan kekenka kafin ya isa allura. Madauki na farko yana cikin tafi, daidai gindin yatsa. Ya yi kauri, jijiyar ta yi ƙulli, to in ka dunƙule hannu ƙullin ya wuce, dawowa ta gagara sai da ƙarfi. Ƙarar da kake ji ke nan. Masu ciwon suga sun fi kowa samunsa, riƙon almakashi na yini guda kuma yana ƙara hura shi.

Karanka gaɓar gindi zai tsare, ya hana ta lanƙwashewa, ya bar ta tsakiya da ta farce suna aiki. Yana kwanciya a tafi daga tsakiyarsa zuwa ƙashin farko na yatsan. A sashen gashi akwai wata roba da ake tsomawa a ruwan zafi mai kimanin digiri 60 zuwa 70, ta yi laushi, a ƙera ta a jikin hannunka, ta sandare cikin 'yan mintuna. Ita ta fi na kanti zama. Ka sa shi kowane dare na mako 6, don cikin barci ne hannu ke dunƙulewa, da rana ma in aiki ya bari. Ka naɗa ƙyalle a hannun almakashi ya yi kauri, kuma ka daina gwada yatsan kana sa shi yin ƙarar nan, kowane ƙas ƙarin kumburi ne.

In mako 6 sun cika babu sauyi, sai allurar rage kumburi a bakin madaukin. Tana ɗaga suga na 'yan kwanaki, ka riƙa aunawa, kuma ba ta cika ci ga masu suga kamar yadda take ci ga sauran mutane ba. Yatsan da ya kulle ya ƙi buɗuwa sam, kara ba shi da abin yi masa. Ƙaramar tiyata ce, a kashe wurin, a tsaga madaukin.

TAMBAYA: Ɗana mai shekara 15 gola ne, ƙwallo ta buge masa manuniya, gaɓar tsakiya ta kumbura. An ɗaure hannun duka da karan dawa, an ce sai bayan kwana 40. Daga wani uba, Ƙofar Ƙaura.

AMSA: Alhaji, kwana 40 ya yi yawa. Gaɓar tsakiya ba ta yafe zama wuri ɗaya: ta wuce mako 3 a ɗaure, sai ta sandare, kuma dawo da ita ya fi jinyar targaɗen wuya. Ga shi an haɗa da yatsu huɗu da ba su yi laifin komai ba.

A kwance, a yi hoto, don a shekarunsa ƙashi bai gama girma ba, kuma wurin girman yana dab da gaɓa. Sannan a duba abu uku. Ya dunƙule hannu a hankali: in yatsan ya hau kan maƙwabcinsa, akwai karaya mai murɗiya. Ya miƙe gaɓar tsakiya da kansa: in ya kasa, jijiyar bayanta ta tsinke, wannan kam ana ɗaure gaɓar tsakiyar a miƙe mako 6, a bar ta farce yana lanƙwasa ta. Ya lanƙwasa kan yatsan: in ya kasa, jijiyar ciki ce ta ɓalle, tiyata take so cikin kwanaki kaɗan, ba ɗori ba. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina yana da likitocin ƙashi.

In duk ya tsallake, targaɗe ne. A haɗa manuniyar da dogon yatsa, a sa ƙyalle a tsakaninsu, filasta ɗaya a ƙasan gaɓar, ɗaya a samanta, ba a kanta ba. Lafiyayyen ya zama kara mai motsi. Mako 2 zuwa 3, sannan lokacin wasa kaɗai. Kaurin gaɓar yakan ɗauki watanni kafin ya saɓe, kada ya tsorata ku.

TAMBAYA: Mahaifiyata ta haura 65. Gaɓoɓin farcenta sun yi ƙulle-ƙulle suna ciwo, gindin babban yatsa kuma ba ya barin ta ta murɗe murfin kwalba. Na ga wasu zobba da ake cewa suna gyara yatsu. Daga wata 'yar'uwa, Ƙofar Sauri.

AMSA: Allah ya ba Hajiya lafiya. Abin da kika kwatanta ya yi kama da amosanin gaɓɓai na zaizayar guringuntsi, wanda ke zuwa da shekaru. Ƙullin nan ƙashi ne ya tsiro, babu karan da zai mai da shi, kuma duk mai sayarwar da ya ce miki zobe zai miƙar da shi, ciniki yake nema. Abin da kara ke yi shi ne rage zafi. Gaɓar da ta tashi da ciwo a sa mata ɗan gajeren kara da dare na 'yan makonni, da rana a bar ta. Gindin babban yatsa yana da nasa, mai zagaye tafi ya rungume gindin ya bar kan yatsan yana motsi. Shi Hajiya za ta sa lokacin aiki, tsintar shinkafa ko jan carbi mai tsawo, ta cire in ta huta. In ta yini da shi kullum naman hannun zai yi rauni. Da safe, musamman da hunturu, ta tsoma hannu a ruwan ɗumi minti 10, tana dunƙulewa tana buɗewa a ciki.

Zobban da kika gani aikinsu daban. Zobe biyu ne a haɗe kamar lamba 8, mahaɗin yana zama a ƙarƙashin gaɓar tsakiya, bakunan biyu a bayan yatsa. Suna hana gaɓar banƙarewa baya, su bar ta ta lanƙwashe gaba. Masu ɗayan nau'in amosanin ne suka fi buƙatarsu, wanda garkuwar jiki ke cin gaɓɓai. Alamarsa kumburi mai laushi a gaɓoɓin gindi da na tsakiya da wuyan hannu, a hannu biyu lokaci guda, da sandarewar safe da ke wuce awa ɗaya. In Hajiya na da wannan, gwajin jini da magani mai tsayar da cutar take buƙata da wuri, zobe ƙari ne kawai. Ana yin su da roba ko azurfa, kuma maƙerin farfaru zai iya ƙera na azurfa in ma'aikacin gashi ya auna ya ba shi girman.

Abu guda da za mu roƙa: a raba ta da haɗe-haɗen ƙwayoyin ciwon jiki na kemis. Shan su kullum a shekarunta yana taɓa ciki da ƙoda. Na shafawa ya fi mata sauƙi.

TAMBAYA: Yaya zan gane ɗaurin ya yi tsauri? Daga wani ɗalibi, Mashi.

AMSA: Ka danna farcen har ya yi fari, ka saki. In jan bai dawo cikin daƙiƙa 2 ba, ko kan yatsan ya yi sanyi, ya yi duhu, ko kana jin kamar ana tsira maka allura, a sassauta nan take. A bar bakin yatsa a buɗe don a riƙa gani. Zoben ado kuwa a cire shi tun a sa'ar farko ta rauni, kafin kumburi ya kulle shi. Yatsan da ke zogi da ja da zafi kamar karkare, ko wanda haƙori ya fasa, ba a rufe shi da kara a zauna gida, asibiti ake kai shi a ranar.