Amsa ga 'yar uwar da ta yi tambaya kan dashen jinin cibiya

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba yaronki lafiya, ke kuma ya sauke ki lafiya. Kin ce yana da kansar jini, ga ki da ciki wata shida, kina tambaya ko jinin cibiyar jaririn zai masa magani. Ni da ɗan yayata muka bi wannan hanyar har Indiya.

Eh ana yi, tun 1988 aka fara a Faransa, aka yi wa wani yaro da jinin cibiyar ƙanwarsa. Amma don Allah ki fara tambayar likitansa ko ma yana buƙatar dashen, don yawancin yara kemo kaɗai, wato maganin da ke kashe ƙwayoyin kansar, ke warkar da su, namu sai da ciwon ya dawo aka kawo maganar dashe.

Abin da nake so ki riƙe shi ne tun yanzu ake shiri, ba ranar naƙuda ba. Ana yanke cibi ake zuƙe jinin daga igiyar zuwa wata 'yar jaka, bai ma cika kofin shayi ba, uwa ba ta jin komai jariri ma haka, sai a kai inda za a daskarar da shi. In aka haihu a gida ko asibitin ba su da jakar shikenan ya wuce. Tsohuwarmu da farko ƙi ta yi wai za a taɓa mabiyiya, sai da aka nuna mata jinin kawai ake ɗiba, mabiyiyar a binne ta yadda aka saba.

Sannan sai an yi gwajin HLA, wato gwajin da ke nuna ko jinin jaririn ya dace da jikin yaron, ɗan uwa ciki ɗaya ma damar ya dace sosai ɗaya cikin huɗu ce. Mu kam Allah ya taimake mu, na jaririn yayata ya dace.

Wahalar tana bayan dashen wallahi. An ƙone ɓargon yaron namu da kemo mai ƙarfi, aka sa masa jinin kamar ƙarin ruwa, sai jira, shi kuma jinin cibiya yana jinkirin kamawa fiye da ɓargo, mun kusa wata yana ɗaki shi kaɗai da uwarsa, bakinsa duk gyambo ko ruwa ba ya iya haɗiya, ni ta gilas nake ɗaga masa hannu. Ranar da likita ta ce ƙwayoyin jininsa sun fara hawa yayata zama ta yi a ƙasa tana kuka.

A zuwanki asibiti na gaba ki yi wa likitan yaron da na awonki maganar tare, su haɗa kai tun kafin watanki ya kama.