Amsa: Yaya Yahudawa suka yi ibada a Babila ba tare da Haikali ba?

Malam, tambayarka ta yadda suka riƙe addini bayan Nebukadnezzar, sarkin Babila, ya rushe Haikalin Urushalima wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa, amsarta tana cikin Littafin Daniyel.

Hadaya ta tsaya, tunda ba wurin yin ta. Sai suka kama abin da za a iya yi a ko'ina. Daniyel, ɗaya daga cikin Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila, ya ƙi abincin sarki don kada ya ƙazantar da kansa, ya roƙi a gwada shi kwana 10 da kayan lambu da ruwa kawai. Sau 3 a rana yake addu'a, tagarsa a buɗe tana fuskantar Urushalima, har aka jefa shi ramin zakoki saboda haka.

Abin da ya fi burge ni shi ne wasiƙar da annabi Irmiya ya aika wa Yahudawan da ke Babila, wadda ke cikin Littafin Irmiya: ya ce su gina gidaje, su yi shuka, har su yi wa Babila addu'ar zaman lafiya. Birnin da ya kwashe su fa!