Filin Tambaya da Amsa: Wane Kayan Ƙafa Ya Dace da Tsohuwar BMW?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da BMW 330Ci mai ƙofa biyu, ƙirar 2002, irin wadda ake kira E46. Kwanan nan gabanta ya fara ƙwanƙwasa idan na faɗa rami, sitiyari kuma yana rawa a hannuna duk lokacin da na taka birki ina cikin gudu. Bakanikena ya ce sai an sauya shokozoba huɗu da lowa-am na gaba (ƙarfen da ke haɗa taya da jikin mota ta ƙasa) da bushin-bushin (robobin da ke mahaɗar ƙarafan). Da na shiga kasuwar Panteka sai na tarar da kaya iri biyu, masu araha waɗanda ban taɓa jin sunan kamfaninsu ba, da na manyan kamfanoni masu tsada ninkin-ba-ninkin. An kuma tallata mini wani saiti mai rahusa da ake sauke mota ƙasa da shi. Tunda motar ta haura shekara ashirin, ya dace in zuba mata kuɗi haka? Daga mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada shekarun motar su zama ma'auninka, domin injinta mai ƙarfin doki 231 bai san ta tsufa ba, kuma ƙafar ce take riƙe da duk wannan gudun a kan kwalta. Ba kuma dole ba ne ka ɗauki hukunci guda a kan kayan gaba ɗaya. Kowane ƙarfe ka ɗauka, ka auna shi da abu biyu: me zai faru idan ya lalace kana cikin tafiya, kuma nawa za ka sake biyan bakanike kafin a kai gare shi a karo na biyu.

Kafin mu shiga kayan ɗaya bayan ɗaya, akwai abin da zai rage maka kashe kuɗi. Kamfanin BMW ba shi yake ƙera yawancin waɗannan kayan ba, saye yake yi daga wasu masana'antu ya sa tambarinsa. Lemförder na cikin masu yi masa lowa-am da bushin, Sachs kuma shokozoba, kuma dukansu biyun a ƙarƙashin kamfanin ZF na garin Friedrichshafen a Jamus suke. Waɗannan masana'antun suna sayar da kayan a cikin kwalinsu da sunansu a farashin da bai kai na dillalin BMW ba, har sau da yawa za ka ga gurbin da aka goge tambarin BMW a jikin ƙarfen. Saboda haka zaɓin ba biyu ba ne kamar yadda aka nuna maka, uku ne: marar suna, na waɗannan masana'antun, da na dillalin BMW, kuma na tsakiyar nan shi ya fi dacewa da mai tsohuwar mota.

Wurin da ba zan yarda ka yi tsimi ba shi ne lowa-am. A wannan motar da alminiyum aka yi shi, kuma bol-joyin, wato mahaɗin ƙarfe mai juyawa, guda biyu a jikinsa suke, ba a tsara na asalin don a cire su a sauya su kaɗai ba. Idan bol-joyin na waje ya tsinke, tayar za ta fice daga mazauninta ta kwanta, sitiyari kuma ba zai ƙara yi maka biyayya ba, wanda a hanyar Kaduna zuwa Zariya ba abin da mutum zai so ya gwada ba ne. Rawar da kake ji lokacin taka birki kuwa, a E46 galibi daga bushin ɗin da ke riƙe da bayan lowa-am take fitowa. Na asalin yana da ruwa a cikinsa don ya shanye girgiza, idan robar ta tsage ruwan ya tsiyaye sai lowa-am ɗin ya riƙa motsi gaba da baya. Ka sa bakanike ya duba faifan birki shi ma, domin lanƙwasarsa tana kawo irin wannan rawar. A nan ka nemi Lemförder, ko kuma Meyle HD na Hamburg, wanda bushin ɗinsa roba ce zalla ba ruwa a ciki, yana ƙara ɗan tauri amma ya fi jure ramuka.

Shokozoba kuma aikinta ba jin daɗin zama kaɗai ba ne. Sifirin ne yake ɗaukar nauyin mota, ita kuma tana hana shi ci gaba da tsalle bayan an wuce rami, ta yadda taya za ta zauna daram a ƙasa birki ya samu abin kamawa. Mai araha takan yi kyau a makonnin farko, amma idan man da ke cikinta ya yi zafi a doguwar tafiya sai ya yi kumfa ta saki, kuma robar bakinta ba ta daɗewa ta fara yoyo. Kamfanonin KYB da Monroe suna ba da shawarar a yi tunanin sauya shokozoba idan ta kai kilomita 80,000, kuma a hanyoyinmu da wuya ta kai haka da ƙarfinta. Idan kana son motar ta koma yadda ta fito, Sachs ko Bilstein B4 ko KYB sun wadatar. Bilstein B6 ta fi su tauri, kuma ta fi jure zafi saboda bututu ɗaya gare ta, sai dai ta fi tsada, kuma za ka ji ƙananan ramuka a jikinka. Ka lura cewa Febi Bilstein kamfani ne daban da mai yin waɗannan shokozoba, duk da cewa a gari ɗaya suke, wato Ennepetal, don kada mai shago ya haɗa maka su.

Saitin sauke mota mai rahusa kuwa, ka bar wa mai shi abinsa. Masu yinsa sukan sa sifirin mai tsananin tauri don kada motar ta daki ƙasa, alhali shokozobar ba ta da ƙarfin sarrafa shi, sai duk dukan rami ya wuce kai tsaye zuwa jikin mota. E46 kuwa an san ta da rauni biyu: ƙarfen da saman shokozobar gaba yake ɗaure a kai yakan kumbura, kuma ƙasan motar yakan tsage a inda aka ɗaure gindin ƙafar baya. Ga kuma kaskon baƙin mai da zai ƙara kusantar tudun rage gudu.

Inda za ka iya sassautawa shi ne ƙananan kaya irin su linkej da bushin ɗin sitabilaiza (ƙarfen da ke rage karkatar mota a kwana) da robar da ke kare shokozoba daga ƙura. Idan suka lalace ƙara kawai za ka ji, kuma sauya su aikin ɗan lokaci ne.

Ba ka ambaci 'yan Beljiyam ba, amma na san za a kawo maka su. Ƙarfe zalla da ba ya cinyewa babu laifi a saye shi na hannu, amma shokozoba da bushin da aka ciro daga mota sa'ar taka sun riga sun ci rabonsu, kuma danna shokozoba da hannu a shago ba ya nuna yadda za ta yi a kan hanya. Haka nan sunan da ke kan kwali ba hujja ba ne, domin jabu ya yi yawa. Ka duba lamba da tambarin da aka buga a jikin ƙarfen kansa, ka karɓi rasit da sharaɗin mayarwa, kuma idan aka yi maka farashin Bilstein daidai da na marar suna, ka ajiye ta.

Idan kuɗin bai isa a yi komai lokaci guda ba, ka fara da lowa-am biyu da bushin ɗinsu, sannan shokozobar gaba, sannan ta baya tare da mazauninta na sama, kuma kowanne a sauya hagu da dama tare. Ka ce wa bakanike kada ya ƙarasa ɗaure kusoshin da suka ratsa bushin na roba sai motar ta sauka a kan tayoyinta, domin idan aka ɗaure tana rataye robar za ta zauna a murɗe ta tsage da wuri, ko da ta Lemförder ce. Bayan an gama, a kai ta alaimen na kwamfuta a daidaita tayoyi huɗun, kuma tun tana kan dagi a haska fitila a duba ƙasan bayan ko akwai tsaga, don a yi walda a ƙarfafa wurin kafin a ɗora sababbin kaya.