Likitoci sun ce ciwon maigidana ba zai warke ba: in na yarda, na rasa bangaskiya ke nan?

TAMBAYA

Likita, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Maigidana malamin sakandare ne, shekararsa 48, 'ya'yanmu huɗu. Bara aka gano ƙari a ƙwaƙwalwarsa, aka ce sunansa giliyoblastoma. An yi masa tiyata, an yi masa gashi da hasken na'ura, ya sha magani. Yanzu an sake ɗaukar hoto an ga ƙarin ya dawo, likitoci sun ce ba abin da ya rage sai rage masa wahala. Wani bawan Allah da ƙanwarsa ta kawo ya ce in daina ba shi ƙwayoyi, in yi azumin kwana 21, in shuka iri, wato in ba da kuɗi, wai ranar da na yarda da maganar likita na rufe ƙofar warkarwa da bakina. Maigidana kuwa, mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba, yanzu zagina yake a gaban yara. Ban gaya masa abin da likitoci suka ce ba. Kuma akwai daren da na roƙi Allah ya ɗauke shi ya huta, tun daga ranar na kasa addu'a. Na rasa bangaskiya ne? Me zan yi?

Wata 'yar'uwa daga Kafancan

AMSA

Sannu 'yar'uwa, sannu da jinya. Ubangiji ya ƙarfafa ki. Zan fara da abin da ba zai jira gobe ba: kada ki tsayar da maganinsa, ko na kwana ɗaya.

Ban ga takardunsa ba, amma mai irin wannan ciwo a wannan mataki yawanci yana kan magunguna iri biyu. Na farko deksametazon, mai rage kumburin da ke kewaye da ƙarin. Ƙoƙon kai ƙashi ne, ba ya buɗewa, don haka in kumburi ya ƙaru ƙwaƙwalwa ce ke matsuwa, sai ciwon kai da amai da magagi su biyo baya. Ban da haka, wanda ya ɗau makonni yana shan wannan magani jikinsa ya rage yin nasa sinadarin, yanke shi farat ɗaya na iya sa jininsa ya faɗi ya suma. Likita ne ke rage shi, a hankali. Na biyu maganin farfaɗiya, irin su lebetirasetam ko fenitoyin. In aka tsayar da shi, jijjiga na iya dawowa ta ƙi tsayawa. Wanda ya ce ki zubar da ƙwayoyi ba shi zai kwana da ke a daren da hakan ta faru ba. Azumin kwana 21 kuwa, ga macen da ke ɗaga namiji, tana masa wanka, tana ciyar da yara huɗu, in kin faɗi wa zai riƙe gidan?

Yanzu sai shi kansa ciwon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa giliyoblastoma a mataki na 4, wato mafi tsanani cikin ƙarin ƙwaƙwalwa. Abin da ya sa yake dawowa duk manomi zai gane shi: kamar aya-aya ne a gona, ka nome saman tas, saiwar na can ƙasa ta yaɗu. Likitan tiyata yana cire dunƙulen da ido da hoto suka nuna, amma ƙwayoyin ciwon sun riga sun kutsa cikin lafiyayyen nama, inda in aka bi su da wuƙa za a tafi da magana ko gani ko motsin mutum. Tsarin da duniya ke bi yau, tiyata da gashin mako shida da maganin temozolomid, ya samo asali ne daga binciken da Dokta Roger Stupp ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2005. A binciken, rabin waɗanda suka sami gashi da maganin tare sun wuce wata 14.6, rabi ba su kai ba. Masu gashi kaɗai wata 12.1. Waɗanda ke kaiwa shekara biyar ba su cika ɗaya cikin goma ba.

Na kawo alƙaluman ne saboda na san abin da ke cin ran mata irinki da tsakar dare: da mun sayar da fili mun kai shi Indiya, da na lura da ciwon kan tun farko. Sanata Ted Kennedy na Amurka an gano nasa a Mayun 2008, ya rasu a Agustan 2009. Sanata John McCain an gano nasa a Yulin 2017, ya rasu a Agustan 2018. Beau, ɗan Joe Biden, ya rasu a 2015 yana da shekara 46, mahaifinsa na mataimakin shugaban ƙasa a lokacin. Ba asibitin da waɗannan ba za su iya shiga ba. Ki sauke wannan kaya, ba naki ba ne.

Sai maganar bangaskiya. Ni likita ne, ba fasto ba, amma Littafi ɗaya muke karantawa da ke, kuma na zauna a bakin gadaje da yawa ina sauraron irin wannan tambaya.

Koyarwar cewa duk mai cikakkiyar bangaskiya dole ya warke, wanda bai warke ba kuwa shi ko matarsa ne suka gaza, ba ta iya tsayawa a gaban Littafi Mai Tsarki. Elisha, wanda ya ta da ɗan matar Shunem, wanda ta bakinsa Na'aman ya tsarkaka daga kuturta, ciwo ne ya kwantar da shi har ya yi ajalinsa. Yana nan a 2 Sarakuna 13:14. Bulus, da ake kai ƙyallayen da suka taɓa jikinsa wa marasa lafiya su warke, shi ne ya rubuta wa Timoti cewa ya bar Tarofimas a Militas ba lafiya. Shi kansa sau uku ya roƙi a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi. Wa zai ce Bulus bai da bangaskiya? A Getsamani Ubangijinmu ya roƙi a ɗauke masa ƙoƙon wahala, ya kuma miƙa kai ga nufin Uba, duk a addu'a ɗaya.

Wurin da na fi so ki karanta shi ne Daniyel 3:17-18. Samarin nan uku sun gaya wa Nebukadnezzar abu biyu: Allahnmu yana da ikon cetonmu daga wutar, kuma ko da bai cece mu ba, ba za mu yi wa gunkinka sujada ba. Bawan Allahn da aka kawo miki ya riƙe rabin farko, ya mai da rabi na biyu zunubi. Ai rabi na biyun ya fi nauyi. Ki ci gaba da roƙon warkarwa, ba wanda ya isa ya hana ki, ni ma ba ni da ikon ƙayyade wa Allah rana. Hezekiya ya juya fuskarsa bango ya yi kuka, aka ƙara masa shekara 15. Amma ki lura da labarin da kyau: Ishaya ya fara ce masa ya kintsa gidansa, kuma da za a warkar da shi ɗin, curin ɓaure aka sa masa a kan marurun. Ga shiri, ga addu'a, ga magani, a babi guda.

Shuka iri kuwa, a kan wannan ba zan sassauta ba. Elisha ya ƙi karɓar ko ƙwandala daga hannun Na'aman. Da Saminu mai sihiri ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Allah, kin san amsar da Bitrus ya ba shi a Ayyukan Manzanni sura 8. Kuɗin nan na maganin maigidanki ne da makarantar yaranki. Abin da Yakubu 5:14 ya ce shi ne a kira dattawan ikilisiya su yi addu'a, su shafa wa mara lafiya mai. Ki kira fastonki da dattawanku, waɗanda suka san ku tun kafin ciwo. In ku Katolika ne, ki kira Fada ya yi masa shafewar marasa lafiya tun yana iya amsawa, kada a bari sai numfashi ya fara sarƙewa. Ƙanwar mijinki kuma kada ki ɗauke ta maƙiyiya, tsoro ne ya kai ta can. Ki tafi da ita asibiti ta ji da kunnenta.

Zagin da yake miki ciwo ne. Gaban ƙwaƙwalwa shi ne linzamin mutum, shi ke riƙe harshe da fushi da kunya. In ƙari ko kumburi ya taɓa wurin, sai ki ga mai haƙuri ya zama mafaɗaci, mai kunya ya saki baki. Deksametazon ma kan ƙara nasa: rashin barci, saurin fushi, yawan ci, hawan sukari. Ki gaya wa likitansa, wani lokaci gyara yawan maganin ko mai da shi na safe kan kawo sauƙi. Kada ki tsaya musu da shi, ki canja zance ko ki ɗan fita ki dawo. In ya fara kai hannu, ki nemi wani namiji cikin dangi ya riƙa kwana a gidan. Yaran kuma ki zaunar da su ki ce musu: ciwon da ke kan Baba ne ke sa shi faɗin haka, ba don ya daina ƙaunarmu ba. In ba a gaya wa yaro ba, shi zai ƙirƙiro nasa dalilin, kuma yawanci kansa yake ɗora wa laifi.

Ki gaya masa ko ki ɓoye? Ga abin da ya bambanta wannan ciwo da sauran nau'o'in ciwon daji, wato kansa, kuma shi ne babban saƙona gare ki: kwanakin magana sun fi kwanakin rai gajarta. Mai kansar hanta ko ta huhu kan kai kusan ƙarshe da hankalinsa. Mai giliyoblastoma na iya rasa kalmomi, ko tunani, ko ya koma barci, makonni kafin ya cika. Na ga iyalan da suka yi ta jiran ranar da ta dace, da ranar ta zo mai gidan ba ya iya haɗa jimla. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba cewa na yi ki sauke masa komai lokaci ɗaya ba. Ki zaɓi sa'ar da kansa ya fi washewa, ki tambaye shi: “Baban yara, yaya kake ganin jikin nan? Me ka fahimta daga maganar likita?” Sai ki yi shiru. Malami ne, da wuya a ce bai karanta fuskokinku ba. Sau da yawa miji na ɓoye wa mata, mata na ɓoye wa miji, kowa na kuka shi kaɗai a ɗaki ɗaya. In ya kau da zancen, ki ƙyale shi, haƙƙinsa ne. In ya buɗe ƙofa, ki shiga, ko ki roƙi likita da fasto su zauna da ku.

A irin wannan zama ake kintsa gida. Takardun fili da na gida, asusun banki, sunan magajin da ya rubuta a wurin aiki da na fansho, bashin da ake binsa da wanda yake bi. Ya faɗi wasiyyarsa a rubuta, a gaban shaidu har da na danginsa, tun likita na iya tabbatar da cewa hankalinsa na nan. Mun san abin da gwauraye da yawa ke gani bayan an tashi daga zaman makoki. Yesu yana kan gicciye ya damƙa mahaifiyarsa a hannun almajirinsa, ba wanda ya kira wannan rashin bangaskiya. Ki ɗauki muryarsa a waya yana sa wa kowane yaro albarka da sunansa. Wanda za a nemi gafararsa a kira shi yanzu.

Addu'ar da kika yi a wancan dare. Iliya ya zauna a gindin itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Ba a tsawata masa ba, barci ya yi, mala'ika ya tashe shi ya ba shi abinci da ruwa, har sau biyu. Ke ma ba mutuwar mijinki kike so ba, ƙarshen wahalarsa kike so, ga gajiya ta yi miki yawa. In bakinki ya ƙi buɗewa, ki karanta Zabura 88, wadda ta fara da kuka ta ƙare da duhu, aka kuma bar ta a cikin Littafi. Romawa 8:26 ta ce Ruhu na yin roƙo dominmu da nishin da kalma ba ta iya ɗauka. Cicely Saunders, Kiristar likitar da ta buɗe gidan jinyar masu ciwon ajali na St Christopher's a Landan a 1967, ta koyar da cewa zafin mai mutuwa ya haɗa jiki da zuciya da iyali da ruhu, kuma iyalin ma abin kulawa ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ki je wurin shugabar zumuntar mata ki faɗi takamaiman abin da kike bukata: wadda za ta kwana ranar Talata, wadda za ta kawo tuwo, wanda zai kai yara makaranta. Masu cewa “in akwai abin da za mu yi ki faɗa” da gaske suke, aiki ne ba a raba musu ba.

Abin da ke gaba, a taƙaice, don kada ya zo miki ba shiri. Barci zai ƙaru, ci zai ragu, haɗiya za ta yi wuya. In ya kai nan kada a yi masa ɗura, abinci na iya bi ta hanyar numfashi. A jiƙa masa leɓe, a riƙa juya shi duk bayan kamar awa biyu saboda gyambon kwanciya. Tun yanzu ki tambayi likita yadda za a ba shi maganin farfaɗiya ranar da ba ya iya haɗiye ƙwaya. In jijjiga ta zo, ki kwantar da shi ta gefe, kada a sa cokali ko yatsa a bakinsa, in ta wuce minti biyar a nemi taimako. In aka rubuta masa mofin don ciwo, ki ba shi yadda aka ce, ba kashe shi kike yi ba. Da yawa daga masu wannan ciwo cikin barci suke tafiya, ba da irin azabar da iyali ke tsoro ba. Ko ya daina amsawa, ku ci gaba da yi masa magana da rera waƙoƙin da yake so a sujada, don akwai alamun cewa ji kan daɗe bayan baki ya rufe.

Ki tambayi asibitin da ke ganinsa ko suna da sashen rage raɗaɗi, ki karɓi lambar wayar da za ki iya kira da dare, ki rubuta ta a bango kusa da gadonsa.