Tsakanin "very" da "too", da sauran tambayoyinku

Wata malamar firamare daga Zariya ta tambaya ko "very" da "too" ma'anarsu ɗaya.

Malama, ba ɗaya ba ce, kuma wannan kuskure ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. "Very" ƙarfafawa ce kawai, kamar sosai ko ƙwarai. "Too" kuwa wuce gona da iri take nufi. Shayi mai zafi sosai ana hurawa a sha, wanda zafinsa ya yi yawa kuwa dole a ajiye shi ya huce. Wanda ya ce wa Bature abincinsa "too sweet" da niyyar yabo, ya gaya masa ne an cika sukari. Na san a Turancin buroka "you too much" kirari ne, amma kada yaranki su kai shi takardar jarrabawa.

Asalin "very" tsohuwar kalmar Faransanci ce, "verai", wato gaskiya. Mu ma haka muka yi da muke cewa "yana da kyau da gaske". Abin da ke damuna shi ne yadda samarinmu suka ɗora wa sosai kayan da ba nata ba: fari sosai, baƙi sosai, ja sosai. Ina fari fat? Ina baƙi ƙirin, ja wur, kore shar? Kakanninmu ba sa cewa ruwan randa ya yi sanyi sosai, sanyi ƙalau suke cewa. Siffofi da yawa suna da tasu kalmar, amma har a rediyo sai ka ji mai gabatarwa ya jera sosai uku a jimla guda.

Wani ɗalibi daga Maraɗi yana son sanin ƙarfin "quite".

Ɗana, ya danganta da bakin da ta fito. Idan mutumin Ingila ya ce aikinka "quite good", sau da yawa "ba laifi" yake nufi. Ba'amurke kuwa ya fi kusa da sosai. Amma "quite right" daidai ne ɗari bisa ɗari, domin daidai ba ta da rabi.

Wani kuma ya tambaya ko zai iya sa "pretty good" a takardar neman aiki.

A'a, ta hira ce. Rubuta "fairly" in matsakaici kake nufi, ko "very" in ƙarfafawa kake so.