Gyara hanya tukuna, fenti daga baya

Yarona, ka ce makarantar da ta ba mu aikin nan tana son shafin kwasa-kwasanta na Moodle, manhajar koyarwa ta intanet, ya yi kyau, kana tambaya ko da launi da tambari za ka fara, ko da tsara hanyar da ɗalibi zai bi. Ajiye launi tukuna. Wa ka taɓa gani ya shafa wa ɗaki fenti bai sa masa ƙofa ba?

Shiga kwas ɗaya, ka taɓa hotonka ko haruffan farko na sunanka da ke can sama, ka sauya matsayinka zuwa na ɗalibi. A waya za ka yi, kada ka yaudari kanka da faffaɗan allon kwamfutarka. Nemi jingar wannan mako, kana ƙirga sau nawa ka danna kafin ka iske ta. Ni dai in ya wuce uku, na san da sauran aiki.

Yawanci matsalar a sunaye take. Tun daga Moodle 4.0 da ya fito a 2022, akwai jerin abin da ke cikin kwas a gefen hagu, kuma daga sunayen da malami ya raɗa wa sassa da darussa yake ɗauko shi. In malami ya bar "Sashe na 1", "Sashe na 2", ya loda fayil da sunan da ya zo da shi daga kwamfutarsa, haruffa da lambobi a cakuɗe, to jerin nan bai tsinana wa kowa komai ba. Zauna da shi ku sake sunayen, gajeru, kalma mai muhimmanci a gaba, don dogon suna yankewa yake yi a allon waya. Ka kuma tambaye shi ko mako-mako yake koyarwa ko batu-batu. Tsarin mako yana ƙirga kwanaki ne daga ranar fara kwas, saboda haka in ranar ta karkace, duk makonnin sun karkace. Kwas mai tsawo kuwa, saita shi ya riƙa nuna sashe ɗaya a kowane shafi, kada yaro ya yi ta jan allo har yatsa ya gaji.

Akwatunan gefen dama, su kalanda da sauransu, a naɗe suke a waya sai an buɗe. Kada ka ɓoye abu mai muhimmanci a can.

Yanzu sai riga, wato tsarin kamannin shafin. Boost ita ce rigar da Moodle yake zuwa da ita tun 2016, kuma a saitinta akwai gurbin babban launin makaranta da akwatin da za ka zuba ƙarin SCSS, wato rubutun da ke tsara kamannin shafi. Nan za ka tsaya. In gyaran ya yi yawa, ɗinka 'yar riga da za ta gaji Boost, amma kada ka taɓa fayilolinta na asali. Ni na taɓa yi ina ganin na iya. Ranar da aka sabunta manhajar, aikin mako biyu ya bi ruwa, mai aikin yana ta kira ina kallon waya.

Wajen launi, ƙa'idar WCAG, mai kula da sauƙin amfani da shafukan intanet ga kowa, ta ce bambancin haske tsakanin rubutu na yau da kullum da bango ya kai 4.5 bisa 1. Rubutu ruwan toka a kan fari yana burge masu zane, amma fita da wayar cikin rana ka ga ko za ka iya karantawa. Kada ka dogara da ja da kore kaɗai wajen nuna wanda ya ci da wanda ya faɗi, akwai masu idon da ba ya bambance su. Haɗa da kalma.

In ka yi gyara bai fito ba, kada ka tayar da hankali, share ma'ajiyar wucin gadi ta shafin ka sake lodawa. Gobe ka zo min da wayarka da kwas ɗaya da ka gyara, ni zan zama ɗalibin.