Kun Tambaya, Mun Amsa: Maus mara waya da laftof

Assalamu alaikum masu karatu. A wannan fitowar saƙonnin da suka fi yawa duk a kan abu ɗaya ne, wato linzamin kwamfuta mara waya, wanda kowa ya fi sani da maus. Na zaɓi huɗu daga ciki, duk daga nan Legas, kuma abin da ya dame ni shi ne kusan kowa ya riga ya yanke hukuncin cewa nashi ya mutu sai an sayi sabo, alhali a mafi yawan lokuta da ranshi.

Tambaya ta farko, daga wani ɗan'uwa mai shagon buga takardu a Agege:

"Salam Malam, dan Allah a taimaka min. Na sayi maus mara waya a Computer Village wata biyu da suka wuce, da farko lafiya lau yake aiki amma yanzu kibiyar sai ta dinga tsalle tana maƙalewa, wani lokacin ta tsaya cak sannan ta ci gaba, ga kwastoma tsaye a kaina yana jiran takardarsa. Na sa sabon batir duk kanwar ja ce. Na lura abin ya fi tsanani in na jona eksitanal ɗin da nake ajiye ayyukan mutane a ciki. Jabu aka sayar min ne in koma in yi musu magana?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka hau danfo zuwa Ikeja, inda kasuwar Computer Village take, tukuna, don kai da bakinka ka faɗi inda matsalar take, kuma na ji daɗi da ka lura da wannan. Ɗan ƙaramin abin nan da kake sokawa a ramin USB, risiba kenan, yana magana da maus ɗin ne ta zangon rediyo na 2.4GHz. To su kuma ramukan USB 3.0, waɗanda galibi za ka ga harshen cikinsu shuɗi ne ko an rubuta SS a gefensu, idan ana tura bayanai ta cikinsu suna fitar da wata hayaniyar lantarki da ke faɗawa daidai wannan zangon. Ba zato na nake faɗa ba, kamfanin Intel da kansa ya fitar da takardar bayani a kan wannan tun 2012. Kaga in eksitanal ɗinka, wato ma'ajiyar bayanan da kake jonawa daga waje, na rami ɗaya risiba na ramin da ke manne da shi, kamar mutum biyu ne ke hira a gefen janareto, ana magana amma rabi ake ji.

Abin yi ba wuya. Ka mayar da risiba ɗaya gefen laftof ɗin, nesa da eksitanal, in da hali gefen da hannunka yake, in akwai ramin USB 2.0 mai baƙin harshe to shi ya fi dacewa da shi. In duk ramukan naka a gefe ɗaya suke, sayi gajeriyar wayar ƙari ta USB ka jona risiba a bakinta ka ajiye shi kusa da maus ɗin, wallahi sau da yawa wannan kaɗai ke kashe maganar. Sannan ka duba ko mifi ko rauta ɗinka, na'urorin da ke ba ka intanet ta Wi-Fi, na kan teburin dab da laftof, su ma sukan yi aiki a 2.4 ɗin, ka ɗan matsar da su.

Wani abu kuma da ban san ko ya shafe ka ba amma masu shago irin naka na yawan yinsa, shi ne shimfiɗa gilas a kan tebur. Maus ɗin nan ido ne da shi a ƙasa, haske yake haskawa yana ɗaukar hoton abin da yake kai sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, da haka yake gane motsi, gilas kuwa ko tebur mai sheƙi ba abin da zai gani ya kama. Sa mishi 'yar shimfiɗarsa, ko da kwali ne mara sheƙi, ka kuma hure idon don gashi ɗaya tak in ya maƙale a wajen ya isa ya sa kibiya rawa. In ka gwada duk wannan, ka kuma jona shi a wata kwamfutar ya ci gaba da halinsa, to a nan ne za ka koma wajen mai kaya da hujjarka.

Tambaya ta biyu, daga wata ɗaliba da ke zaune a Idi-Araba:

"Malam ina wuni. Ɗan abin da ake sokawa a jikin laftof ya ɓace min, inaga a BRT ya faɗi lokacin da na ciro caja. Ƙawata ta ba ni nata na tsohon maus ɗinta amma ya ƙi yi. Ana sayar da shi daban?"

Lafiya lau ƙanwata, Allah ya mayar da alheri. Kafin komai buɗe murfin batir ki leƙa, yawancinsu akwai ɗan gurbi a ciki da aka yi don ajiye risiba, na sha ganin wanda ya gama neman duniya ashe yana ciki. In babu, to gaskiyar magana ita ce masu arahar nan tun daga masana'anta ake ɗaura kowane maus da risibansa, shi ya sa na ƙawarki ya ƙi, ko da kamfaninsu ɗaya kalarsu ɗaya. Irin waɗannan in risiba ya tafi sai haƙuri, kar wani ya karɓi kuɗinki ya ce zai haɗa miki.

Amma juya shi ki duba ƙasansa. In na Logitech ne kuma kika ga wata 'yar alama ruwan lemo mai kama da tauraro, wannan shi ake kira Unifying, ana sayar da risibansa daban, ki sauke manhajar kamfanin ki haɗa su da kanki, risiba ɗaya ma na iya ɗaukar na'ura har 6. Ki kula dai, akwai wani sabon nasu mai suna Bolt da ya fito 2021, kamanninsu kusan ɗaya amma ba sa aiki da juna, don haka ki tafi da maus ɗin da laftof ɗin kasuwa a gwada a gabanki kafin ki miƙa kuɗi. Haka in kin ga alamar Bluetooth a ƙasansa to ba ki ma buƙatar risiba, karanta amsa ta huɗu. Nan gaba in za ki sa laftof a jaka ki cire risiba ki mayar da shi gurbinsa, barinsa a soke shi ke sa ya faɗi, wani lokacin ma ya karya ramin gaba ɗaya, gyaran rami kuwa ya fi kuɗin maus.

Tambaya ta uku, daga wani bawan Allah ɗan kasuwa a Mile 12:

"Na yi tafiya gida wata uku, na dawo na tarar da wani farin gari a wajen batir, maus ya ƙi kamawa."

Alhaji barka da dawowa. Batir ne ya zubar da ruwa, danshin Legas kuma ya taya shi cin ƙarfen. Cire shi ka yar, kar ka taɓa garin da hannu ka kai ido. In batirin alkalin ne, ɗiga ruwan lemon tsami kaɗan a auduga ka goge ƙarafan biyu da sifirin ɗin, ka kankare a hankali har ƙarfe ya fito fes, ka bari ya bushe sarai kafin ka sa sabo. Da yawa suna tashi. Masu arahar nan na rediyo da tocilan sun fi saurin ƙarewa da zubewa, gara ka sayi alkalin mai kyau ko mai caji, kuma duk sanda za ka yi doguwar tafiya ka cire batir ɗin, kullum in ka tashi aiki ka kashe makunnin da ke ƙasa.

Tambaya ta huɗu, daga wata malamar makaranta a Obalende:

"Malam sabon laftof ɗina ramukansa ƙanana ne duka, risiba ba ya shiga. An ce in sayi mai Bluetooth, na saya, to ya ake haɗawa? Kuma hannuna na yawan taɓa wajen shafawar nan in ina rubutu sai kibiya ta gudu."

Malama sannu da ƙoƙari. Ramukan nan su ne USB-C, kuma da 'yar adafta kika saya ma da tsohon naki ya yi aiki, amma tunda kin sayi mai Bluetooth ba ki yi asara ba, kin ma huta da ɓatan risiba. Kunna shi, ki danne ɗan maɓallin da ke ƙasa har fitilar ta fara ƙiftawa da sauri, a Windows 11 ki shiga Settings, sai Bluetooth & devices, sai Add device, ki zaɓi Bluetooth, sunansa zai fito ki danna. In kin ga yana yawan yankewa bayan kin ɗan bar shi, kwamfutar ce ke kashe Bluetooth don tattalin caji, shiga Device Manager ki nemo na'urar Bluetooth ɗin, a shafin Power Management ki cire alamar da ta ba ta izinin kashewa.

Ga masu tsofaffin laftof na tokumbo da ke sha'awar irin wannan, ku fara tabbatarwa naku na da Bluetooth kuma ya kai 4.0, don sababbin maus da yawa ba sa kama na ƙasa da haka.

Maganar wajen shafawa kuwa, a nan cikin Bluetooth & devices ɗin akwai Touchpad, ki buɗe za ki ga inda aka ce a bar shi a kunne ko da an jona maus, cire alamar da ke wajen. Da zarar maus ya haɗu zai kashe kansa, in kin kashe maus ya dawo.